Fedar da Baba Badaru Ya Sassaƙa Mini

Ƙafar nan tawa ta hagu da nake takawa da ita yau, yatsunta biyar cif, bayan Allah Baba Badaru mai gyaran keke ne ya bar mini ita. Shi ba likita ba ne, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, hannuwansa biyu babu cikakken yatsa ko ɗaya. Kuma ranar da muka fara haɗuwa, Allah ya yafe mini, ko hannu ban miƙa masa ba.

Bazarar 2004 ce. Ni Zaharaddini, ɗan Konni, gwamnati ta jefa ni mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Gidan Kyauta, wani ƙauye can kan dutsi gabas da Badaguishiri. Aji ɗaya ne na zana, ni ne mushe, ni ne darakta, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Abin hawana keke ne mai giya da ƙatuwar taya, irin wanda ake cewa na hawan dutsi, gwanjo na saye shi a Konni. Ina ji da keken nan fiye da kima, kullum sai na goge shi. Amma feda? Robar ta daɗe da farfashewa ta zube, saura sandar ƙarfen tsakiya tsirara, ƙafa ta goge ta tana sheƙi. Haka kowa ke tuƙa nasa a wajenmu. Wa zai sayi feda don roba ta faɗi?

Sai dai ina da abin da nake ɓoyewa. Shekara guda ke nan da wani tabo ya fito mini a cinyar hagu, ja-ja haka, faɗin tafin hannu, ba ƙaiƙayi ba zafi. In na mintsine shi ba na jin komai. Wata huɗu kafin ranar da nake ba ku labari kuma, tafin ƙafar ya soma yi mini kamar na sa safa uku. Na yi karatu, na san sunan abin sarai, amma ko a zuci ba na yarda in ambace shi. Mushe da kuturta? Wa zai ƙara turo ɗansa ajina? Yara arba'in da ɗayan nan gida-gida na bi ina roƙo kafin a ba ni su. Ko matata Rahinatu ban gaya mata ba. Na ce wa kaina sanyi ne, zai wuce.

Ranar kasuwar Badaguishiri na sauko da safe zan karɓo alli da takardun da aka aiko mini daga Illela. Wanda ya san hanyar ya san gangaren nan: jajayen duwatsu zube, ga ramukan da ruwan damina ya ƙwaƙule, kana sauka haƙoranka na kaɗawa. Ina tsakiyar gangara na miƙe tsaye a kan feda don in tsallake wani rami, sai ta hagu ta yi ƙas, ta ƙame. Ƙafa ta zame, keke ya yi gabas na yi yamma. Na tashi na kakkaɓe jiki, na duba ko wani ya gan ni. Ba kowa sai awaki.

Ina da sufana a jaka. Na ce bari in kwance fedar in ga abin da ya same ta. Na murɗa ta inda kowane noti ke kwancewa, ta ƙi. Na taka sufanar da ƙafa, ta ƙi. Raina ya ɓaci, na ɗauki dutse na dinga jibgar sufanar ina zagin wanda ya ƙera keken da wanda ya sayar mini da shi. Ko gezau. Haka na turo shi har ƙasa, gumi na bin bayana.

A gindin gangaren, kafin ka shiga garaken albasa, akwai wani gawo, ƙarƙashinsa rumfar kara da tsofaffin tayoyi a rataye. Na sha wucewa ta wurin. Na san mai gyaran keke ne, na kuma san kuturu ne, shi ya sa kullum in na zo daidai nan sai in ƙara wuta. Ranar dai ba yadda zan yi, kasuwa da sauran tafiya, ga rana ta fara dukan ƙeya.

Dattijo ne baƙi mai faɗin ƙirji, gemunsa fari fat. Yana zaune a tabarma, ƙafafunsa cikin wasu takalma masu kauri da aka yanka daga taya. Gefensa matarsa Shatu tana dama fura. Na yi sallama daga nesa. Ya amsa, ya miƙo dungun hannunsa, ni kuwa na yi kamar ina gyara jaka. Ya gani, ya mai da hannun kan gwiwa. Shatu ta turo mini ƙwaryar fura, na ce na ƙoshi, alhali maƙogwarona ya bushe ƙamas.

Ya ce, "Mushen Gidan Kyauta na ko? Kullum kana wuce mu kamar anka biyo ka. Mi yas samu dokin naka?"

Na ce, "Feda ce ta ƙame, Baba, kuma ta ƙi fita."

Ya jawo keken ya kwantar, ya leƙa. "Wa yad doki wagga da dutsi?"

"Ni ne."

"Ina kam murɗa ta?"

Na nuna masa. Ya yi dariya har da tari. "Shatu, taho ki ga mai karatu! Mushe, ai ɗaure ta kay yi. Fedar hagu baibai anka yi ta, don kada tuƙi shi kwance ta bisa hanya. Inda 'yan'uwanta ka ɗauruwa, nan ita taka saki. Kai ko ka bi ta da dutsi, baiwar Allah."

Kunya ta kama ni, nan take ta koma haushi. Na ce a raina, to mu gani, kai da ba ka da yatsa. Sai ya ɗauki sufana da dungu biyu, ya ɗora ta a wuyan hannunsa na dama, ya naɗe da robar tayar ciki, ya ja bakin robar da haƙori ya ɗaure tam. Ya ɗiga baƙin mai a gindin fedar, ya ɗan jira, ya danna da nauyin kafaɗarsa. A danni na biyu ta saki. Ni da yatsuna goma na fi rabin awa a kanta.

Ya ɗaga sandar fedar daidai idonsa, sai na ga dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana jujjuya ta. Ya kai ta hanci ya sansana.

"Wanga jini na."

Na ce, "Ai faɗuwa na yi."

"Na yau ga shi nan, ja. Wanga baƙin na ƙarƙashi ba na yau ba na, ya daɗe shina taruwa." Ya leƙa fedar dama, ya ga ba komai a jikinta. "Tuɓe takalmin hagu, Mushe."

Na tuɓe don in rufe masa baki. Ashe silifar ta huje a tsakiya, sandar feda ta ci ta har ta ɓulla. Na ɗaga ƙafa na leƙa. Innalillahi! Rami ne a tafin, ƙasa da babban yatsa, faɗin goro, gefensa ya yi fari ya kumbura, har da tsakuwa biyu a ciki. Ban san da shi ba. Wallahi ban san da shi ba. Kullum ina wanka, amma wa ke juya tafin ƙafarsa ya duba in ba ta yi masa ciwo ba?

Ya zaro wata siririyar waya, irin ta ƙafar keke, ya soke ta cikin robar da ke wuyan hannunsa. "Zamna. Miƙo ƙahwar. Rufe ido, in ka ji na taɓa ka ka ce."

Ban san abin da ya sa na bi umarninsa ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na miƙe ƙafa, na rufe ido. Ina jin kukan jaki daga garka, ina jin ludayin Shatu ya tsaya. Na jira, na jira, har na gaji.

Na ce, "Ka fara mana, Baba, ina da abin yi!"

Shatu ce ta amsa, a hankali. "Sau bakwai ya taɓa ka, ɗana."

Na buɗe ido, wayar tana manne a tafina har fata ta lotsa. Baba Badaru ya ce, "Akwai tabo wani wuri, ko? Bisa baya ko bisa cinya." Ya miƙa wa Shatu fedar, ta ƙulle ta a bakin zane. Ya jawo keken ya tura bayan tabarmarsa.

"Keken ga ba shi tashi nan sai ka tahi likita ka kawo mini takarda na gani."

Kai! Nan na tashi da bala'i. Na ce shi wa? Ubana ne? Na ce kekena ne, gumina ne, zan kira masa jandarma yanzun nan. Ya ce, "Kira su. In sun zo sai mu gwada musu ƙahwar tare." Abin ya ƙara tunzura ni, na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce masa kuturun banza.

Bai ko ɗaga murya ba. "Kuturu dai gaskiya ta, kowa na gani. Banza ko, shekara shida niy yi ina banza, sa'ad da nika ɓoyo kamar kai. Dubi hannuna da kyau, Mushe. Ba cuta tac cinye su ba ita ɗai. Ɓoyo na."

Na suri jakata na tafi, na bar masa keken. Ranar a amalanken wani mai albasa na koma gida, na ce wa Rahinatu keke na wajen gyara.

Kwana tara na yi ina taurin kai. Na ɗaure ƙafar da tsumma, ina shiga aji ina koya wa yara lissafi, ina kallon yatsuna a kan alli ina ƙirga su. A rana ta tara da safe ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, ga zazzaɓi. Rahinatu tana shara a tsakar gida na kira ta, na zauna a bakin ƙofa, na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Na ce in tana son komawa gidansu ba zan riƙe ta ba.

Ta jefar da tsintsiya. "Mushe, ka raina ni. Tun kaka na ga tabon nan. Wa ke wanke maka kaya? Wa ke ganin jini a silifarka? Ina jira ne in ga ranar da za ka ɗauke ni mutum ka gaya mini. Gidanmu kuma, kai ka je in kana marmari. Tashi ka sa riga." Ita ta nemo amalanke, ita ta riƙe ni har likitar Badaguishiri, wato asibitin garin.

Majo, wato babban malamin likitar, wani ne Mumuni, mutum mai sanyin magana. Ya duba tabon, ya bi tafin ƙafar da bakin biro kamar yadda tsohon ya yi da waya, ya murza jijiyar bayan idon sawuna. Ya faɗi sunan cutar ƙarara, ban mutu ba. Ya ce magani kyauta ne, wata goma sha biyu, kowane wata fakiti ɗaya, kuma da na fara sha na daina zama abin tsoro ga kowa. Ya ƙara mini wasu ƙwayoyi don jijiya, ya ce tunda mutuwar ƙafar ba ta daɗe ba, mai yiwuwa ji ya dawo, mai yiwuwa kuma a'a. Gyambon kuwa, da na ƙara wata biyu ina taka sandar nan da ya kai ƙashi. Ya tambaye ni wa ya turo ni. Da na ce mai gyaran keken gindin gawo, sai ya yi murmushi ya ce, "Badaru ke nan."

Sati shida ban taka ƙafar ba sai da sanda. Da gyambo ya rufe na sauko na nufi gawo, takardar likita a aljihu, ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri a hanya. Da na iso duk kalmomin suka gudu. Na durƙusa kawai na miƙa masa hannu biyu. Ya ba ni dungun nan nasa, na riƙe, busasshe ne mai ɗumi, kamar hannun kowa. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, shi da bai iya karatu ba, ya ce, "To, ta yi." Shatu ta turo ƙwarya. Na sha furar nan har na ga gindin ƙwarya, ta ce, "A'a, yau ba a ƙoshi ba?"

Ya jawo keken daga cikin rumfa, an goge shi tas. Na duba abin da ke jikinsa. Feda ce ta itace, dama da hagu, kowace faɗinta ya kai tafin ƙafata, an lulluɓe samanta da roba mai laushi ninki uku, ba ƙusa ko ɗaya a inda ƙafa ke taka. Tsohon turmin Shatu ne na kirya da ya tsage, shi ya ɗaura gizago a wuyan hannu ya sassaƙa, ya huda tsakiya da ƙarfe mai zafi ya zura sandar. 'Ya'yan ƙarfen ciki da suka niƙe, waɗanda suka sa fedar ta ƙame, ya canza su duka.

Ya ce, "Ƙahwar da ba ta ji ba a ba ta wuri ƙunci. Muni gare ta, na sani, yara za su yi maka dariya."

Sun kuwa yi. Har na bar Gidan Kyauta sunana Mushe mai fedar turmi.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kowane wata in na karɓo sabon magani, in biyo in kawo masa fankon tsohon. A cikin rumfar akwai wata waya da ya tsire fankuna a jiki, jeri uku, sun yi ƙura. Ya ce, "Kai na na huɗu." Akwai wani mai kai madara, da wani mai sayar da gishiri, da wani ɗan acaɓar keke. Dukansu ta feda ya gane su. Duk keken da aka kawo masa, ko faci ne kawai, sai ya duba feda tukuna, don wanda ƙafarsa ke ji ba ya yarda ƙarfe ya huda shi sau biyu a wuri guda.

A zaman wata-watan nan na san ko shi wane ne. Ɗan Tajaye ne, ɗan manoma. Yana saurayi ya tafi cirani Malbaza, ya zama ɗan dako a inda motocin siminti ke lodi. Ya ce buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya, ɗaya a ka ɗaya a hammata, kuma in ka ga ƙirjinsa ba za ka musa ba. Can tabo ya fito masa a baya. Shekara shida bai tuɓe riga a gaban mutum ba, duk zafin Malbaza. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, ya yi turare, yatsu suna ta ƙanƙancewa yana cewa siminti ne ke cin su. Ranar da asiri ya tonu, ya dafa salansar wata mota da ta shigo yanzu, yana ta zuba hira, sai da abokan aikinsa suka ji ƙauri. Tun daga ranar aka ware masa kwano.

Ya koma Tajaye, 'yan'uwa suka yi masa bukka a bayan rumbuna, ana ajiye masa tuwo a sakaina daga nesa. Mahaifiyarsa kaɗai ke shiga ta zauna da shi. Bai taɓa zagin 'yan'uwan nan a gabana ba, ya ce tsoro ne, shi ma da shi ne da haka zai yi. Da tsohuwar ta rasu ya kama hanyar wani asibitin mishan can wajen Maraɗi. Cuta ta mutu, amma yatsu sun riga sun tafi. A can ne ya zauna kusa da wani mai gyara kekunan guragu, yana kallo, yana riƙe masa ƙarfe, har ya gane cewa abin da yatsa ke yi, haƙori da roba da haƙuri suna iya yin rabinsa.

Da ya dawo aka ce ya tafi Konni bakin iyaka, masu irin lalurarsa suna samun sadaka a can. Ya ce bai raina masu yi ba, amma shi kafaɗunsa ba su mutu ba. Ya zaga ya zaga, ya zaɓi gindin gangaren nan. Na tambaye shi don me bai zauna cikin kasuwa ba. Ya ce, "Cikin kasuwa mutum na da zaɓi, ba shi zuwa wurin kuturu. Nan ko, duk keken da za shi mutuwa bisa dutsin ga shika mutuwa, kuma ni ɗai na a ƙasa."

Shatu bazawara ce mai kai fura kasuwa, ta nan take wucewa. Danginta sun yi ta kumfar baki da ta ce shi za ta aura. Na taɓa tambayarta me ta gani. Ta ce, "Na ga mutum na ɗaure sufana da haƙori tun hantsi, na ce wanga ba shi bari na da yunwa. Kuma dariya gare shi." Shi kuwa ya ce ƙarya take, kyansa ta gani.

Aikinsu tare abin kallo ne. 'Ya'yan ƙarfen feda ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, ba ya iya tsintarsu, sai ya bi su da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Jera su kuwa aikin Shatu ne, ta laƙaba giris a tsinke ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya tana mita wai ya hana ta daka. In an ɗaure, ba shi da yatsan da zai ji ko feda na gurza, sai ya kafa bakin sandar a haƙoransa na gaba ya juya ta. In akwai yashi ko ɗaya a ciki, haƙori zai gaya masa. Ƙarfen da ya fito daga wuta kuma da leɓe yake kusantarsa ya ji ko ya huce. Kullum da safe yana jiƙa ƙafafunsa a ruwa, ya shafe su da man gyaɗa, ya duba tafin da wani tsohon madubin babur. Ni ma ya ba ni irinsa, ya ce, "Idonka shi na jin ƙahwarka yanzu. Kullum, Mushe, ko ranar Salla."

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Fara ta sauka a kan gero da kaka, rumbuna suka tashi wayam, maza suka watse cirani. Maganin ya ƙara mini baƙi har mutane na tambaya, ni kuma na gaji da ƙarya, na je na gaya wa maigari da bakina. An janye yara biyar daga ajina, uku suka dawo da majo Mumuni ya hau dutsi ya yi wa iyaye bayani. A wata na bakwai na ji jikina garau, na yi sakaci ban sauko karɓar magani ba har kwana goma. Ina cikin aji sai ga amalanke ta tsaya a bakin zana, Baba Badaru a kai, ya sha rana, fuska a murtuke. Bai sauko ba. Ya ce, "Ina fankona?" Ban sake makara ba.

Baba Badaru ya rasu da damina a 2009, bayan an mai da ni Malbaza. Na samu jana'iza, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Keken ya daɗe da mutuwa, amma fedar hagun tana cikin akwatina. Sai dai in na tuna shi ba ranar jana'izar nake tunawa ba, ranar fanko na goma sha biyu nake tunawa.

Bazara ce ta sake zagayowa, gawo ya yi ganye shar. Na sauko gangaren a kan fedar turmi, na miƙa masa fankon ƙarshe da takardar sallama daga majo. Shatu ta tsire fankon a waya. Na ɗauka shi ke nan, sai na ga yana soke siririyar wayar nan a robar hannunsa.

"Zamna. Miƙo ta. Rufe ido."

Na san gyambo ya warke, na san yatsuna na nan, amma wannan gwajin ban taɓa yarda na yi wa kaina shi ba, don tsoron amsar. Na zauna a kan tayar nan dai, na rufe ido. Shiru. Na ce a raina, shi ke nan, ya taɓa ni ban ji ba, Allah na gode da abin da ka bar mini.

Sai wani abu ya tsire ni a tsakiyar tafi kamar ƙayar aduwa.

"Wash! Baba, za ka huda ni ne?"

Na fizge ƙafa na buɗe ido a fusace. Shatu ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa har masu ban ruwa a garka suka ɗago kai. Shi kuwa tsohon yana zaune, bakinsa na dariya, hawaye na bin gemunsa, yana share su da wuyan hannu.

Ya ce, "Da zahi?"

Na ce, "Da zafi mana!"

"Alhamdulillahi. Shekara talatin rabona da shi." Ya gyara zama, ya jawo ƙafar ya ɗora a kan gwiwarsa. "Rufe ido, ɗana. Bari in ƙara ɗaya, in ji ka kuma."